Littattafanmu Suna Ƙarƙashin Ruwa, Yaya Balkisu

Zuwa ga yayata Balkisu, a Zariya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu ma lafiya muke a sabon garin da aka kwaso mu kusa da Warra, in dai ta jiki ake tambaya.

Yaya, littattafan sun tafi. Na daɗe ina juya yadda zan faɗa miki, ban samu wata hanya ba.

Ke kika fara tara su, kika bar mini ranar da za a kai ki. Sauran wajen matar malamin makaranta na samo, ta ba ni littafi, in ba ta busasshen kifi. Duk labaran soyayyar mutanen da ne, zamanin ganuwa da ayarin fatake. Kin tuna yadda muke karanta su a bayan ɗakin Inna? Kikan ce, “Ke Rabi, wata rana sai kin ƙona tuwo saboda mutanen da ba a taɓa haifa ba.” Na ƙona, Yaya, ba sau ɗaya ba.

Da ma'aikata suka ce dam ɗin Kainji zai tare gulbi, kowa ya tashi, sai aka yi ta loda jirage. Namu ya cika da turmi, taru, irin albasa da awaki. Da na kawo tukunyar da na jera littattafan a ciki, aka ce babu wuri.

Kin san tsamiyar bakin gulbi da tsofaffi ke sara kowace shekara, daidai inda ambaliya ta tsaya. Surukina ya nuna sara mafi tsawo ya ce, “Ruwan ga tun muna yara shina zuwa shina komawa, bai taɓa wuce nan ba. A ɗora bisa rumbu, in ya janye a zo a ɗauka.” Haka rabin gari suka yi da kayansu. Na liƙe bakin tukunyar da laka, aka ɗora, muka tafi.

Ruwan bai koma ba. Ya ɗan ja da baya, muka fara murna, ya sake dawowa.

Abin da ke ci mini rai, an samar wa akuya wuri, akuyar da ko damina ba ta kai ba. In na yi magana matan unguwa su ce, “To ai takarda ce.” Wadda ta rasa randa ana yi mata jaje, ni kuwa dariya. Ba su san da littattafan nake cinye yini in maigida ya tafi kamun kifi ba. Yanzu sai in zauna cikin ɗakin siminti mai zafi, ina kallon bango.

Littafin da ya fi damuna shi ne na 'yar marini da falken da ya tafi Gwanja sayen goro. Ban gama shi ba. Na tsaya inda aka kawo mata labari ayari ya dawo ba shi a ciki, ta fito da hannuwa shuɗi ta nufi zango. Can na bar ta, Yaya, a kan hanya. Kullum da ita nake wanke-wanke.

Na matsa wa maigida har ya kai ni wurin a jirgi. Ba gida, ba rumbu, sai kan tsamiyar ya leƙo kamar ɗan kurmi. Ya zura gorar tuƙi iya tsawonta, ba ta taɓa ƙasa ba. Sai ya juya jirgin muka dawo.

Ranar kasuwar Yelwa sai ga shi da littafi a naɗe cikin hularsa, yana murmushi. Kin san ajami yake karantawa, boko bai shige shi ba. Ya ga hoton mace a bango ya saya. Na buɗe, ashe na koyon kiwon kaji ne. Na so in yi kuka, na so in yi dariya. Ya zauna yana jira in fara, sai na karanta masa yadda ake maganin ƙwarƙwatar kaji, yana gyaɗa kai, yana jiran inda saurayin zai fito.

Don Allah, Yaya, ki duba mini a kasuwar Zariya, ko da na 'yar marinin kaɗai ne. In babu, ke kin karanta shi har ƙarshe, ki rubuto mini abin da ta tarar a zango. In kin manta, ki ƙaga, ba zan gane ba. Amma kar ki kashe mata shi.

Allah ya jiƙan Inna, ya raya miki yara, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki mai jiran amsa,
Rabi