Hoton Malam a Ƙirjinka

Zuwa ga ɗan wasanmu na ƙasa, wanda ya ɗaga rigarsa bayan ya ci ƙwallo a gasar nahiya da ake bugawa yanzu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da abokan wasanka. Ina yi maka barka da ƙwallon da ka ci. An ce mini da ƙafar hagu ka buga ta.

Ni ce matar mutumin da hotonsa ke jikin singiletin da ka nuna wa duniya. Ka san ni. Ku yaran filin bayan firamare a Tudun Wada kuna ce mini Mama, ni kuma ina ce maka Gajere, tun lokacin da wandon wasa ke zame maka sai Malam ya yanko robar cikin taya ya ɗaure maka shi a ƙugu. Yanzu na ji kana da sunaye da yawa a bakin Turawa, amma da wancan zan kira ka, domin ba zan rubuta sunanka na gaskiya a nan ba, kuma ba zan rubuta nasa ba.

Ban so wannan wasiƙa ta zama a buɗe ba. Na nemi lambarka, aka ba ni wata, wani mutum ya ɗauka da Turanci ya ce shi ne wakilinka, in aika saƙo zai isar. Na aika, har yau shiru. Na je gidanku na Tudun Jukun na tarar da kwaɗo a ƙofa, maƙwabta suka ce tuni ka mai da mahaifiyarka Abuja. Shi ya sa na ba masu jarida da masu rediyo wannan takarda. Abin da muka yi ta ɓoyewa ya riga ya fita, babu sauran abin da zan rufe.

Saboda waɗanda ba su san mu ba, bari in faɗi ko wane ne Malam. Mai facin taya ne. Rumfarsa na bakin titi, da injin ba da iska guda ɗaya wanda sai an lallashe shi yake tashi. Da la'asar yakan rufe rumfar ya tafi fili da usur a wuya, ya tara yaran unguwa yana koya musu ƙwallo, ba wanda ya ɗauke shi aikin, ba wanda ke biyansa. Ni malamar firamare ce da ta yi ritaya, ni nake wanke rigunan wasan. Malam yana da ciwon suga. Wannan shi ne duk abin da muke da shi.

Yanzu ga maganata.

Na farko, abin da ya faru kafin ka ɗaga riga. Bayan ƙaramar salla Malam ya shiga motar haya zai je ta'aziyya ƙauye. Mutanen daji suka tare hanya, suka shige da shi da sauran fasinjoji. Lambata suka kira, domin ita ce a saman wayarsa. Tun daga ranar ƙaninsa Isa ne ke magana da su, ni kuma ina zaune a gefe ina riƙe da caja.

Kai ka daɗe da barin gida, ƙila ba ka san yadda ake yin wannan abu yanzu ba. Shiru ake yi. Duk Tudun Wada ta san inda Malam yake, amma in baƙo ya zo rumfa da taya sai a ce masa mai facin ya yi tafiya. Liman yakan yi addu'a ga waɗanda ke cikin ƙunci, ba ya kama suna. Mata su shigo jaje su zauna, a yi maganar tsadar masara, su ajiye abin da suka zo da shi a ƙarƙashin tabarma su tafi. Ba tsoro kaɗai ba ne. Kowa ya san mutanen nan na da waya, suna jin rediyo, suna da masu kai musu labari, kuma darajar da suka ga mutum na da ita a waje, ita suke ɗora masa a ciki. Aikinmu gaba ɗaya shi ne mu nuna musu cewa Malam ba kowa ba ne.

Isa ya iya wannan aiki. Ya yi ta ƙasƙantar da yayansa a waya har ni da kaina nakan ji kunya. Yakan ce, "Alhaji, tsoho ne fa, mai faci, ko gidan da yake ciki na gado ne. Ga ciwo. In ya mutu muku a hannu ba ku ci komai ba." Suka zage shi, suka kashe waya, suka sake kira. A hankali suka sauko da kuɗin fansar da suke nema. Har suka yarda a aika masa da magani ta hannun wani mai babur. Ba zan faɗi abin da aka tsayar ba, amma an tsayar, dangi da 'yan unguwa sun haɗa, an sa rana. Na wanke masa zanen gado. Na jiƙa gero.

Na biyu, ranar wasanku. Ni ban kalla ba. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa na ji gidan kallon ƙwallo na bakin layinmu ya ɗauki ihu, na ce to an ci. Sai ihun ya sake tashi, ya fi na farko, kuma ya nufo gidanmu. Matasa suka cika zaure suna kiran Koci, Koci. Wata maƙwabciya ta shigo da waya a hannu tana ce mini, "Mama, barka, duniya ta ji, yanzu gwamnati dole ta tashi." Na karɓi wayar na duba.

Na gan ka kana gudu, ka yaye riga har wuya, ga fuskar Malam a ƙirjinka, ga sunansa cikakke da manyan baƙaƙe, an rubuta a sako shi. Ni da na yi shekara da shekaru a gidansa ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba, sai ga shi wani Bature mai sharhi yana ta kokawa da shi. Na mai da wa matar wayarta, na ce na gode. Na koma kan shinkafata. Isa ya shigo bayan an watse, ya tsaya a bakin ƙofa bai cire takalmi ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Yaya, kin ga hoton da ya sa?"

Na uku, hoton. Gajere, a cikin duk hotunan Malam, wanda ka zaɓa shi ne na ranar da ka zo hutu ka kawo masa babbar riga ta shadda mai aiki har gwiwa. Ka sa ya saka, ka tsayar da shi jikin baƙar motarka, ka ɗora masa hannu a kan murfinta. Na tuna yadda muka yi dariya ranar. Rigar nan sau ɗaya ya saka ta. Ya ce tana hana shi sunkuyawa, tana nan a ƙasan akwati da ƙamshin kanti a jikinta. Motar kuwa ko zama bai yi a cikinta ba, tayoyinta kawai ya zagaya yana dannawa da babban yatsa.

Na san dalilin da ya sa ka zaɓe shi. Ba ka so duniya ta ga malaminka da baƙin mai a hannu. Ka so ka girmama shi. Amma wata biyu muka yi muna gina mai faci, kai kuma cikin ɗan lokacin da ake murnar ƙwallo ka mai da shi Alhaji mai mota, wanda ɗan wasan Turai ke kuka dominsa.

Washegari suka kira. Ban taɓa jin muryar mai magana da yawunsu a sanyaye haka ba. Ya ce wa Isa, "Ashe yara kuka mai da mu. Mai faci ne da wannan motar? To ku ce wa ɗan ƙwallon ya kira mu da kansa." Isa ya fara rantsuwa, aka kashe. Daga ranar lambar ba ta sake shiga ba. Mai babur ya je inda ya saba ajiye magani, ya jira har ya gaji, ya dawo mana da ledar.

Na huɗu, abin da ya sa na tabbata yana raye, aƙalla zuwa makon jiya. Akwai wani ɗan kasuwa daga Dutsen Abba da aka kama su a mota ɗaya da Malam, aka kuma sa musu rana ɗaya. Shi an sako shi. Da ya ɗan murmure ya zo har gida, ƙafafunsa duk a kumbure. Ya ce ranar wasan da yamma ɗaya daga cikin mutanen dajin ya zo da waya ya tura wa Malam a fuska, ya ce wane ne wannan. Malam ya kalla. Sai ya ce a ɗan mayar masa baya, ba wajen rigar ba, wajen ƙwallon. Aka mayar. Ya ce, "Da hagu ya buga. Shekara nawa ina fama da yaron nan a kan hagun nan." Ɗan kasuwar ya ce Malam murmushi yake yi har lokacin da suka ɗaure shi a bayan babur suka yi cikin daji da shi, shi kaɗai.

Ban yi kuka ba da ya faɗa mini. Na tambaye shi ko Malam na cin abinci, ya ce yana ci in an ba su. Na raka shi zaure, na dawo na share tsakar gida, ko da yake na riga na share. Haka nake yanzu. Mutane na cewa ina da tawakkali. Ba tawakkali ba ne, ban jin komai ne kawai, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Na nemi fushi da kai a raina domin in samu abin riƙewa, ban same shi ba. Geron da na jiƙa ya yi tsami na zubar wa kaji.

Na biyar, gardamar da ake yi a kanka. Ina jin ta a rediyo kullum da safe. An ce alƙalin wasa ya ba ka katin gargaɗi, masu gasar na duba ko za su ci ka tara. Wasu na cewa ƙwallo daban, siyasa daban. Wasu na cewa kai gwarzo ne, ka faɗi abin da manya suka kasa faɗi. 'Yan jarida sun zo har ƙofar gida suna tambayata wane ɓangare nake. Ba ni da ɓangare. Ban ce 'yan wasa su rufe baki ba. Akwai garuruwan da aka kwashe mutanensu aka manta da su, da wani zai ɗaga riga dominsu ƙila da sun ji daɗi. Da ka rubuta a tsare hanyoyinmu, ko a ceto duk waɗanda ke daji, ba fuska ba suna, da ni ma na sa maka albarka. Amma wannan mutum ɗaya ne, yana da mata, yana da ƙani, kuma lambata ba ta canja ba tun kana zuwa shan ruwa a randarmu. Kira ɗaya ya isa. Malam ya sha gaya muku a fili, in ƙwallo ta zo ƙafarka ka ɗaga kai ka duba waye a kusa kafin ka buga. Ni da nake wanki a gefe ma na haddace.

Ga abin da nake roƙo.

Ka sauke hoton daga duk shafukanka, ka roƙi abokanka su sauke. Na ji ana shirin buga riguna da fuskarsa domin wasa na gaba, har da 'yan kallo. Don girman Allah ka hana.

Kada ka kira mutanen nan, kada ka aiko kowa, kada ka yi alkawarin komai a bainar jama'a. In kana son taimako, ka nemi Isa a asirce, ka yi abin da ya ce, ko da abin da ya ce shi ne ka zauna.

In Allah ya ba ka wata ƙwallon, ka yi sujada, ka yi rawa, ka yi duk abin da 'yan'uwanka ke yi. Rigarka ta zauna a jikinka.

Na ƙarshe shi ne mai nauyi. 'Yan jarida za su sa maka abin magana a baki su tambaye ka labarin kocinka. Ka ce wani tsoho ne mai faci a tsohuwar unguwarku, yara da yawa sun bi ta hannunsa, kai ma ba ka daɗe a wurinsa ba. Ka ce motar taka ce, rigar aro ce, hoton ma wani ne ya turo maka. Ka ce ka yi ne don tausayi, ba ka san shi sosai ba. Ka faɗe shi da Hausa, a sake, yadda za a ji shi a rediyo har cikin daji. Na san rabin maganar ƙarya ce, na kuma san za ta yi maka ciwo fiye da katin da aka ba ka. Alhakin a wuyana. Shi ma in ya ji zai gane, ya san wanda ya koya wa wasa.

Ku kuma da Malam yake hannunku, in wannan ta iso gare ku: ku dubi tafin hannunsa, za ku san sana'arsa. Maganinsa ya ƙare. Wayata tana kunne.

Gajere, Allah ya tsare ƙafafunka, ya ƙara maka ɗaukaka, ya ba ku nasara a sauran wasanninku, ya sa ka gama da duniya lafiya. Allah ya saka maka da alheri a kan niyyarka, domin na san mai kyau ce. In Malam ya dawo, ka zo gida ba da mota ba, ka durƙusa ka gaishe shi, zai yi maka faɗa a kan wani abu daban. In kuma bai dawo ba, to ka ɗaga rigar a duk filin da ka ga dama. Sai dai ka fara zuwa wurina, in ba ka hotonsa na gaskiya, wanda yake tsugune a rumfa da usur a wuya.

Wassalam.

Taka,
Mama, matar Koci,
Tudun Wada, Zariya.