Gawa Ma Tana da Ɓangare?

Lahadi, 3 ga Maris

Wata biyar ke nan da ikkilisiyarmu ta rabe biyu a kan wanda zai gaji tsohon fasto. Rabin jama'a sun bi wani da muke kira Kafinta, suna sujada a wani ajin makaranta. Mu muna nan, rabin bencuna babu kowa. Ranar da za su fita ya nuna ni da yatsa a gaban jama'a ya ce, "Ke ma munafuka ce." Ban yafe ba. Na rubuta ne don kada zuciyata ta yi sanyi.

Talata, 5 ga Maris

Matar Kafinta ta rasu da safe. Yaya nake ce mata. Shekara goma sha takwas muna tsayawa kafaɗa da kafaɗa a ƙungiyar mawaƙa, in na kauce wa murya ta taka min ƙafa. Na rufe shagon ɗinkina. Zare ma ya ƙi shiga allura.

Laraba, 6 ga Maris

Dattawa sun tara mu bayan addu'ar yamma. Sakatare ya karanto cewa babu mawaƙin da zai je jana'izar, wai zuwanmu zai nuna mun goyi bayan tawaye. Na miƙe na ce, "Baba, gawa ma tana da ɓangare?" Ya ce in zauna. Ban zauna ba. Na ce a ruwa ɗaya aka yi mana baftisma ni da ita, kuma ban ji an ce Almasihu ya rabe biyu ba. Ya ce duk wadda ta je ta ajiye rigar ƙungiya. Na ce ni na ɗinka su duka talatin, na san yadda ake tuɓe su.

A hanya Maigida ya ce, "Bakin nan naki..." Bai ƙarasa ba. Amma shi ya riƙe min jaka har gida.

Alhamis, 7 ga Maris

Ba don Kafinta zan je ba. Ko kallonsa ba zan yi ba.

Asabar, 9 ga Maris

An binne Yaya. Mawaƙansu shida ne kacal, suna farawa kuka ya shaƙe su. Ina can baya sanye da kayan gida, ba rigar ƙungiya ba, na ɗauki waƙar daga inda suka yar. Ban kai baiti na biyu ba na ji muryoyi a bayana. Mawaƙanmu ne, Doguwa da Nas da 'yar'uwarta, sai kuma matar Sakatare da kanta, ta rufe rabin fuska da mayafi kamar ba za a gane wannan muryar ba.

Kafinta ne ya ƙera akwatin gawar da hannunsa. Ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Ya nufo ni zai yi godiya, na juya na bi mata.

Lahadi, 10 ga Maris

An dakatar da mu biyar, an mayar da mu bencin ƙarshe. To, ba a hana bencin ƙarshe waƙa ba. Sai da muka danne muryoyin na gaba. Sabon fasto ya sunkuyar da kai, ban sani ba ko dariya yake ɓoyewa ko kunya. Da aka tashi wata tsohuwa ta kama hannuna ta ce, "'Yata, kin je a madadinmu." Na ce ai ƙafafunki lafiyarsu lau, Iya.

Alhamis, 14 ga Maris

Kafinta ya zo shago da hantsi. Ya tsaya a ƙofa riƙe da riga, wuyanta ya farke. Ya rame. Ya ce, "Ita ke gyara min." Can kuma ya ce, "Ƙanwata, maganar nan da na faɗa miki..." Na ce ya miƙo rigar, ina da aiki.

Na tura masa kujera ne kawai saboda yana tare min haske. Ɗinkin minti biyar ne, ban san yadda ya kai awa ba. Maɓallai biyu ma sun yi lako-lako, na ƙara musu zare.

Ƙarfe tara suke fara sujada, in ji shi. Tambaya kawai na yi.