Launi Biyar na Ɗakin Yara

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Yaya ya gaya mini asibiti sun ba ka fentin ɗakin yara marasa lafiya, ka ce a kai kasuwa. Wannan ne aiki na huɗu da ka mayar tun rasuwar Inna. Baba, kai da duk gari ke kira Mai Ido? Sun ce ran Litinin za su ba wani. Don Allah ka gaya mini abin da ke damunka.

'Yarka, Auta

*

Auta,

Na ga takardarki, Allah ya yi miki albarka. Yayanki bakinsa ba ya riƙe magana.

Tunda kin tambaya, ga ta. Ni ban taɓa bambance ja da kore ba, haka aka haife ni. Shekara talatin uwarki ce ke zaɓen launi. Ta leƙa gidan da za a yi wa fenti kamar ta zo kawo mini saƙo, ta dawo ta haɗa, ta rubuta a murfin gwangwani: falo, ƙofa, taga. Ni kuwa in hau tsani. Hannu dai nawa ne, kuma har gobe babu wanda ya kai ni iya jan layi a garin nan. Amma idon nata ne. Ba zan je in shafa wa yara marasa lafiya abin da ban gani ba. Kunya nake ji, ina kuma kewarta.

Ki riƙe wannan a cikinki.

Mahaifinki

*

Baba,

Barka da war haka. Na yi kuka, sannan na share hawaye na shiga intanet. Shafi uku na gwada. Na farko shirme ne, na biyu sai Turanci kamar ana shari'a. Na ukun kuwa in ka sa masa hoto, sai ya tsamo maka launi biyar da ke ciki, kowanne da lambarsa. Na sa Yaya ya zaga da wayarsa ya ɗauko hotunan gidaje tara da ka yi wa fenti, na sa su a shafin, ban ce masa don me ba.

Ga lambobin haɗin da Inna ta yi wa makarantar bayan tasha, ɗaya daga cikin taran, shi ya fi dacewa da yara. Ka miƙa wa mai shagon fenti, injinsa zai haɗa. Na rubuta inda kowanne zai hau.

Wani abu ya ɗaure mini kai. Haɗin kowane gida daban, amma duk taran akwai launin ruwan ƙwai iri ɗaya, ko a bakin taga ne. Me ya sa?

Ka huta lafiya.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Na karɓi aikin, na gama jiya. Babban likita ya tsaya ya riƙe ƙugu, ya ce Mai Ido sai kai. Na ce masa a gaban ma'aikatansa: haɗin matata ne, 'yata ta tono shi, ni buroshi na riƙe. Ban taɓa jin girma irin na lokacin ba.

Kin yi tambaya kan ruwan ƙwai. Shi ne launin da nake gani sosai, tun muna saurayi da budurwa na gaya mata. Ban san tana sa shi ko'ina ba sai da na karanta takardarki. Ashe a kowane gida tana ajiye mini rabona.

Allah ya jiƙanta. Ki gaida mijinki.

Mahaifinki