Katin da Aka Goge

Tumfure, Gombe

Yaya Bappa,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Ya jikin Anti Hauwa da yara? Mu nan lafiya, sai dai zuciyata ba daɗi.

Ka tuna 'yar kwamfutar nan mai kamar tafin hannu da ka aiko min? A katinta na adana duk hirarrakin da na ɗauka da marigayi Baba, har da inda yake lissafo kakanninmu da Fillanci. Ranar Talata aka ɗauke wuta tana cikin aiki, daga nan ta ƙi tashi. Jar fitila kawai ke ci, koriyar ko ƙyaftawa. Na canza caja, na canza wayar wuta, shiru. Da na zaro katin na ga bakinsa ya yi datti, sai na kai wa mai gyaran waya a Nasarawo na ce, "Malam, goge min shi." Datti nake nufi, Yaya. Shi kuwa ya soka a na'urarsa, ya miƙo min yana murmushi: "Hajiya, na goge shi tas, ko tsinke babu."

Na sake zuba mata manhaja, yanzu tana aiki lafiya lau. Ban iya ko kallonta.

Don Allah ka duba tsohuwar wayarka, ko akwai guntun da na taɓa tura maka. Ka gaida kowa, ka sa ni a addu'a, don har yanzu ban gaya wa Inna ba. Jiya ma ta ce in kunna mata Malam, wato Baba, ta ji muryarsa.

Ƙanwarka,
Jummai