Kunyar Ɗan Fari da Hawan Jini

Kunci, 4 ga Sha'aban

Zuwa ga Yaya Kaltume,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da Alhaji da yaran. Yaya ƙafar taki? Mu nan alhamdu lillahi, sai dai rumbu da ya yi ƙasa tun ba a je ko'ina ba.

Abu biyu suka sa na ɗauki alƙalami. Na farko, ɗanki. Ke kika yaye shi, kika raine shi, ke ce mai bakin yi masa magana. Ni da na haife shi na fari, shekara talatin da biyu ke nan ban kira sunansa ba, ban dubi tsabar idonsa ba, kamar yadda Inna ta koya mana. To, matarsa Sakinatu ta shaida mini zai bi wasu samari haƙar zinare can bayan Agadas kafin azumi. Bara taki ya gagare shi, gonar ba ta ba da abin kirki ba. Yaya, cikin waɗanda suka tafi daga garin nan, biyu har yau ba amo ba labari.

Na biyu, jiri nake yi, ƙeyata tana sara. Na je ƙaramin asibitinmu, Hafsatu mai duba mu ta ɗaura mini abin awo a damtse, ta ce hawan jini ne, ɗari da saba'in. Ta ba ni ƙwaya, ta hana ni gishiri. Na bari, har daddawa na haɗa don kada in yi ha'inci.

Don Allah ki zo ki hana shi. Naki zai ji.

Ƙanwarki,
Safara'u

Kunci, 15 ga Sha'aban

Yaya Kaltume,

Sallama da gaisuwa. Saƙonki ya iso, na ji ƙafa ta hana ki shiga mota. Allah ya sa kaffara ne. Ban ga laifinki ba.

Akwai abin da ya ɗaure mini kai. Kullum da safe ɗanki yakan zo ya tsuguna a bakin ƙofa ya gaishe ni. Sai in kau da kai in amsa a taƙaice, yadda ya kamata. Amma maganar takan taso har maƙogwaro, in danne ta, in haɗiye. Da na haɗiye sai ƙirjina ya kama duka kamar ana sussuka, tafin hannuna ya jiƙe, alhali ko tsinke ban ɗaga ba.

Shekaran jiya daga gaisuwar na wuce asibiti, aka samu ɗari da casa'in. Ran kasuwar Shanono kuwa, da ya yi sammako ba mu haɗu ba, ɗari da hamsin ne. Miya ɗaya, ƙwaya ɗaya. Hafsatu ta tsare ni da tambaya har na faɗa mata, ina jin nauyi, don sa'ar ƙanwarsa ce. Ta ce wai danne zuciya ma aiki ne, jiki yana ɗaukarsa kamar an ɗora wa mutum dami, zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau.

Ni fa ban gane ba. A makaranta an karantar da mu haƙuri yana sanyaya zuciya. Nawa me ya sa yake tafasa ta? Ko ba haƙuri nake yi ba, wani abu ne daban? Na bi abin da na karanta kaf, ban tuna inda aka hana uwa magana da ɗanta na fari ba. Amma kuma Inna ba ta koya mana banza ba. Ki taya ni da addu'a.

Taki,
Safara'u

Kunci, 24 ga Sha'aban

Yayata,

Ina gaisuwa, ina kuma yi miki ya jiki. Ki zauna kafin ki karanta.

Na yi magana. Ran Asabar ya zo gaisuwa, na ga Sakinatu ta shanya masa kayan tafiya a igiya. Ban san sa'ad da na ce ya shigo ya zauna a tabarmata ba. Na dube shi, ashe har furfura ta fara masa a gemu ban sani ba. Na kira sunansa, na ce kada ya tafi, ina tsoron kada in rasa shi. Iyakar abin da na faɗa ke nan.

Yaya, sai ya miƙe ya fita. Can sai ga shi da liman, Malam Nababa. Ashe ɗan naki ɗauka ya yi wasiyya nake bari, don a ganinsa ba abin da zai sa in kira sunansa sai ajali. Ya ce ba zai tafi ya bar ni a bakin kabari ba. Tun ranar mata ke ta shigowa muna yafe wa juna. Hure maƙwabciyata har da kuka, wai in yafe mata akuyarta da ta ci mini rama.

Ni kuwa rabon da in ji ƙeyata sakayau haka na manta. Jiya Hafsatu ta auna, ɗari da arba'in, har tafawa ta yi. Yau da safe ya tambaye ni jiki, na ce da sauƙi, wallahi gaskiya na faɗa. Amma kin san ko mai gargara haka yake cewa, sai ya sunkuyar da kai yana share ido.

Ga inda na rasa mafita. In na zaunar da shi na ce da gaske na samu sauƙi, zai tafi, motarsu ran Alhamis za ta tashi. In na yi shiru, na bar bawan Allah yana kukan mutuwar da ba ta zo ba. Shirun nan ƙarya ne ko ba ƙarya ba? Liman ba ya tambayuwa, don shi ma ya gama yi mini addu'ar cikawa da imani. Yanzu wannan nake dannewa, ga ƙirjin ya soma dukan nan nasa tun ina rubutu.

Ke ce babba, abin da kika ce shi zan yi. Ki aiko da amsa kafin Alhamis. In kuma ƙafar ta matsa miki, Yaya, kada ki takura kanki, ko ran Juma'a ma ya yi.

Wassalam. Ƙanwarki,
Safara'u