Giram Uku a Ƙafar Hagu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Yaya jikin Inna? Ka gaishe min da maiɗakinka da yara. Ni lafiya lau, barci ne kawai ya ɗan yi min wuya.

Ka san aikinmu, takalmin gwaji muke haɗa wa 'yan tseren dogon zango, kowa da awon ƙafarsa. Ni ke manna tafin, kuma duk wanda na gama sai na auna, na rubuta a littafina. Makon jiya na gama na wata 'yar tsere da ta warke daga karaya. Jiya ina duba littafin na ga na hagu ya gaza na dama da giram uku. Sau biyu ake shafa gam, kuma giram uku nauyin shafawa ɗaya ne. Ni na manta ko sikeli ne ya yi ƙarya, wallahi na kasa tantancewa.

Na kai wa shugabanmu. Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam Awo, giram uku ai ƙuda ne! Takalmi ya riga ya hau jirgi." Sai kuma ya tambaya ko wani ya ga littafin. Na ce a'a. Ya ce in bar masa shi.

Kada ka faɗa wa Inna. Ka dai ce ta sa ni a addu'a, ta sa yarinyar mai tseren ma. Ranar Lahadi za ta yi gudun kilomita arba'in da biyu, kuma sa hannuna ne kaɗai a takardar takalmin.

Allah Ya tsare,
Ƙaninka