Sunayen Ƙuduji da Baƙuwar Inna

Ƙofar Wambai, Bauchi.

Zuwa ga Yaya Musaddiq,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti Fatu da yara, da ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu ma kalau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, sai mantuwar nan da ke ƙaruwa. Jiya sau uku tana tambayata ko ta yi la'asar.

Yaya, abin da ya sa na ɗauki biro, kishi ne ke cina, kuma ba zan ɓoye maka ba. Ka tuna Malam Godspower mai shagon kayan babur a Wunti? 'Yarsa Phoebe tana karatun tsirrai a jami'a, an ba ta aikin tattara sunayen furannin daji da Hausa, sai aka kwatanta mata gidanmu. Ta shigo da wani fure siriri mai ruwan hoda, ta sa shi a kwalbar ruwa, wai ya yi mata kyau. Inna na ganinsa ta yi salati, ta ce a fitar mata da shi a ƙone kafin irinsa ya zube, wannan ai ƙuduji ne. Na ɗauka yarinyar za ta yi fushi. Ina! Dariya ta yi, ta ja tabarma, ta kunna waya tana ɗaukar magana.

Tun ranar, duk Asabar tana nan. Inna da ke manta inda ta ajiye carbi, sai ga ta tana zuba kamar famfo. Ta ce ana kiran furen nan wuta-wuta saboda dawar da ya kama takan koma kamar an babbake ta. Ana kiransa makasar dawa saboda yana tsotse ta tun daga saiwa, kafin ya leƙo waje ya gama ɓarna. Ƙuduji kuwa, ta ce haka ta taso ta ji kakarmu na faɗa. Har tuwo ake ajiye wa Phoebe, ita kuma sai Mama kaza, Mama kaza. Ni da na shekara shida ina dafawa, ina wankewa, ina kai ta asibiti, ban da miƙo buta ba abin da ke haɗa mu. Yarinyar ba ta yi min komai ba, ladabi gare ta, shi ya fi ba ni haushi wallahi.

Satin da ya wuce ta kunna min abin da ta ɗauka don in gyara mata rubutu. A nan na ji muryar Inna tana cewa shekarar da aka haife ni ƙuduji ya cinye gonar Baba kaf, ko dami uku ba a ɗaure ba, akuyarta aka sayar aka yi sunana, shi ya sa muka baro ƙauye. Shekarata talatin da takwas, Yaya, a wayar baƙuwa na ji wannan. Kai ka sani? In ka sani, me ya sa ba ka taɓa gaya min ba?

Da Phoebe ta tafi na kasa haƙuri, na tambayi Inna dalilin da ta ba 'yar wasu abin da ta hana 'yarta. Ta dube ni da hankalinta sarai, ta ce ba ta hana ni ba, ni ce ban taɓa tambaya ba, duk sanda ta fara zancen gona sai in ce ta bari in sauke tukunya. Na shiga kicin na yi kukana.

Likita ya ce mantuwar gaba za ta yi ta yi. Don haka na sayi littafi mai ganye tamanin, gobe Juma'a zan zauna gabanta da sassafe, tukunya ta ƙone in ta ga dama. So nake in riga Asabar.

Ka gaida Anti Fatu, da Usama, da Salma sarkin surutu. Inna na sa muku albarka.

Ƙanwarka,
Habibatu